Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ke sayar mana da manhajar lissafin shago

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Manaja.

Ni mai gyaran kwamfuta ne a Farm Centre, kuma shekara uku ke nan ina ɗora wa 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa manhajarku. Sau biyu ina kai kuka ofishinku ana ce mini in dawo, shi ya sa na rubuto a fili.

Watan jiya aka turo wa yaron wani Alhaji mai sayar da atamfa fayil ta WhatsApp, da sunanku da tambarinku, wai sabon zubi ne. Ya ɗora. Kwana biyu tsakani littafin bashin shagon ya kulle gaba ɗaya. Ni aka fara kira, domin ni na kawo ku shagon, kuma wallahi na rasa bakin magana a gaban dattijon nan.

Da na duba shafinku, lambar MD5 kawai na tarar a gefen wurin saukewa, wato lambar da ake lissafowa daga fayil don a gwada ko shi ne na asali. Tun 2004 masana suka nuna ana iya ƙera fayil biyu mabambanta masu MD5 iri ɗaya. Ko kun koma SHA-256, wadda ta fi MD5 ƙarfi, lambar tana nuna fayil bai lalace a hanya ba ne kawai, ba ta faɗin wanda ya yi shi. Ɓarawon da ya iya shiga shafi ya musanya fayil, lambar ma musanyawa zai yi. Abin da ya sami shafin manhajar Linux Mint ke nan a Fabrairun 2016.

Abin da muke roƙo shi ne sa hannu na mabuɗi, wato hatimin kwamfuta mai mabuɗi biyu, na sirri da na fili. Ku riƙe mabuɗin sirri, ku hatimce kowane fayil da shi, ku ba mu na fili mu riƙa tantancewa. Ko harafi ɗaya aka taɓa, sa hannun ba zai dace ba. GnuPG, manhajar da ake yin wannan sa hannun da ita, kyauta ce. Ku buga lambar shaidar mabuɗin na fili, wadda za mu riƙa gane naku ne da ita, a kan rasiɗinku, ku liƙa ta a bangon ofis, inda mai kutse ba zai kai ba. Sannan ku nemi takardar shaidar da za ta hana Windows gargaɗin cewa ba a san mai manhajar ba, domin kun sabar wa mutane danna "ci gaba" ido rufe.

Har sai kun yi wannan, na dakatar da ɗora manhajarku a kowane shago. Alhaji kuma yana jiran jin yadda za ku taimaka a dawo masa da lissafinsa.

Wassalam,
Mai gyaran kwamfuta, Farm Centre, Kano