Mutanen Zango suna cin fizar ne don sun gan ni a wurin

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta Malam, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk ma'aikatan gidan rediyo. Ina cikin masu bin shirinka na shawara, ko da yake galibi maimaici nake ji a waya, don lokacin da kake magana ina tsaye a bakin obin. Ina roƙon a ɓoye sunana da sunan wurin aikina. Mutanen unguwarmu sun san juna ƙwarai, in aka faɗi ɗaya an faɗi ɗayan.

Ni haifaffen Nima ne a nan Akra. Ina da mata da 'ya'ya biyu, iyayena suna raye, kuma ni ne babba a ɗakinmu. Ina aiki a wani gidan fiza a Osu. Da wanke-wanke na fara, aka mai da ni wajen kwaɓa fulawa, daga nan bakin obin, sannan kanta. Yanzu ni ne mataimakin manaja.

Sunan muƙamin yana da daɗin ji, amma bari in faɗa maka abin da ke cikinsa. Manaja yakan zo da hantsi ya duba lissafi, ya yi waya da masu kawo kaya, la'asar na yi ya tafi. Daga nan har a rufe shago komai a wuyana yake. Ni nake tsara masu aikin safe da masu aikin dare. Ni nake ƙirga fulawa da kwali da cuku a sito. Cukun mozarela daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala, don haka tun 2022 da sidi, kuɗin Gana, ta faɗi warwas, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100 a ƙarshen shekarar, mai wurin ya sa aka kawo sikeli, kowace fiza sai an auna cukunta. In wuta ta ɗauke ni ne mai gudu wajen janareta, domin in ɗakin sanyi ya yi ɗumi, kwaɓin da aka ajiye tun jiya zai kumbura ya yi tsami ya zama asara. In yaron babur ya maƙale a cunkoson shataletalen Circle, fiza ta huce, ni kwastoma zai kira ya zazzaga wa faɗa. In jami'an tsafta suka zo neman takardar lafiyar ma'aikata, ni zan fito da ita. Ƙarshen dare kuma sai na haɗa kuɗin hannu da na MoMo, wato wanda aka turo ta waya, sun yi daidai da abin da na'ura ta rubuta kafin in nemi okada in koma gida.

Ban kawo waɗannan don kuka ba. Ina son aikina, kuma na iya shi. Sannan dole in yi wa mutanen adalci. Manaja Kirista ne, bai taɓa hana ni zuwa Juma'a ba. Ina fita in tafi babban masallacin ƙasa a Kanda in dawo, shi yake tsare min kanta. Da azumi yakan sa a ajiye min ruwa da dabino. Ana cire min kashi 5.5 cikin 100 na albashi don SSNIT, wato asusun fansho, su ma suna zuba kashi 13 ɗinsu, ina ganinsa a takarda. Abokaina da muka taso tare a Nima da Mamobi, kaɗan ne suke da irin wannan.

Matsalar tana cikin kicin. Muna sayar da fizar naman saniya, da ta kaza, da ta ganye, muna kuma sayar da ta feferoni da ham, waɗanda naman alade ne. Wannan ba ɓoyayye ba ne, yana rubuce a jerin abinci. Abin da kwastoma ba ya gani shi ne abin da ke bayan bango. Tebur ɗaya ne ake jera kayan haɗi a kai, kwanon feferoni yana kusa da kwanon naman saniya. Hannu ɗaya ne, da safar hannu ɗaya, yake ɗibar wannan ya ɗibi wancan. Farantan gashi iri ɗaya ne, in aka sauke fiza sai a goge da tsumma a ɗora wani kwaɓin, ba a wanke su da ruwa da sabulu sai dare. Wuƙar yanka fiza kuwa, wadda take juyawa kamar taya, ita ce ta fi damuna. Feferoni in ya ji wuta kitsensa narkewa yake yi ya taso saman cuku, ja, yana ƙyalli. Wuƙar ta bi ta cikinsa, ba ta bushe ba sai ta faɗa kan fizar kaza. Daren Juma'a da na Asabar, lokacin da oda take zubowa, babu mai tsayawa ya wanke komai.

Naman saniyarmu ba ni da shakka a kansa, mahauta Musulmi ne suke kawo shi, na san su. Kaza kuwa ta kwali ce, daskararriya, irin wadda ake shigowa da ita ta tashar Tema. Wani kwalin yana da tambarin halal, wani babu, ya danganta da abin da mai kawo kaya ya samu da sauƙi a wannan makon.

Da a ce ni kaɗai abin ya shafa, da na daɗe da sanin abin yi: ban ci ba, shi ke nan. Ni dama wake da shinkafa nake saya a hanya in tafi da shi, shi ne abincina. Amma tun da aka ba ni wannan muƙami labari ya bazu a Zango, wato unguwanninmu na Musulmi, cewa ɗan gidan wane ne babba a wurin. Yanzu mutanenmu suna zuwa sosai. Ranar Sallah, in aka sauko daga idi a filin Black Star aka gama ziyara, da yamma samari da 'yan mata da magidanta da yaransu cika shagon suke yi, manyan riguna da mayafai ko'ina. Hajiyoyin da suka goye ni ina jariri suna zuwa da jikokinsu. Wata ta kama hannuna a gaban kanta ta ce, "Ɗana, ai tun da kana nan hankalinmu a kwance yake." Wasu ma ba sa tambaya. Sun ga hulata, sun ji sallamata, magana ta ƙare a wurinsu.

Waɗanda suka tambaya kuma, manaja ya riga ya faɗa mana amsar da za mu bayar: naman saniya ne, yankan Musulmi ne. Maganar gaskiya ce, sai dai ba ita mai tambaya yake son sani ba, kuma ni na san haka. In ina kusa, nakan shiga kicin da kaina in wanke faranti da wuƙa, in canza safar hannu, in haɗa fizar in yanka. Amma mutum ɗaya ne ni. Ina da ranar hutu, ina da sito, ina da waya da ba ta daina ƙara. Ga kuma masu yin oda daga gida, waɗanda ban ma san Musulmi ne ko ba Musulmi ba.

Na kai wa manaja shawara a rubuce. Na ce a sayi wuƙaƙe na daban masu jan mariƙi don alade kaɗai, a ware farantai a yi musu alama, a mai da kwanon feferoni da ham ƙarshen tebur da cokalin ɗiba nasu, a kuma daina karɓar kwalin kaza marar tambari. Na yi lissafin kuɗin, bai kai cinikin yammaci ɗaya ba. Na tuna masa cewa ƙidayar 2021 ta nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar a Gana Musulmi ne, kuma ba mu kaɗai ne ba ma cin alade ba, akwai Kiristoci 'yan Adventist da suke zuwa su ma suna tambaya. Ya karanta, ya ce shawara ce mai kyau, amma za ta rage saurin kicin, kuma in muka fara ware kaya kwastomomi za su tambaya yaya ake yi a da. Ya ce in bar maganar tukuna. Ba da faɗa ya faɗa ba, amma na gane an rufe ƙofar.

To, Malam, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mai wurin zai buɗe sabon reshe a wajen Madina, kuma ya kira ni da kansa ya ce ni yake so in zama manaja. Albashi zai ƙaru sosai. Bai ɓoye min dalili ba, ya ce mutanen can mutanena ne, za su yarda da ni. Na tambaye shi ko za a cire alade daga jerin abincin wannan reshe. Ya ce a'a, feferoni yana cikin abin da aka fi saya, ɗaliban jami'ar Legon ba su da nisa, ba zai bar wannan ciniki ba. Na kawo maganar ware kayan aiki, ya ce in na zama manaja sai mu duba. Na gane cewa ba iya aikina kaɗai ake so ba, har da fuskata da sunan gidanmu. Wannan ne yake hana ni barci.

Mahaifina tsohon mai gadi ne, ya yi karatun allo, kuma mutum ne mai magana ɗaya. Da na ba shi labari bai bari na gama ba. Ya ce Allah ya haramta naman alade a Suratul Baƙara, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikinsa, to me nake jira? Ya ce in ajiye aikin, wanda ya tsaga baki ba zai hana shi abinci ba. Ban yi masa musu ba, ban saba ba. Amma maganin hawan jininsa daga wannan albashi yake fitowa, haka kuɗin makarantar ƙanwata. Ga mai gidan da muke haya ya riga ya aiko cewa in wa'adi ya cika kuɗin shekara biyu yake so a dunƙule. Kowa ya san dokar haya ta 1963 wata shida ta ce, amma wanda ya tsaya kan doka a Akra kayansa a waje za su kwana.

Matata ta ce in karɓa. Hujjarta ita ce, in na bari wani za a sa wanda bai damu ba ko kaɗan, mutanenmu kuma ba za su daina zuwa ba, gara mai tsoron Allah ya riƙe kicin ɗin ya gyara abin da zai iya. Maganarta ta shige ni. Sai dai ina tsoron kada ya zama ina son hujjar ne saboda ina son kuɗin.

Na tambayi malamai biyu a unguwa. Ɗaya ya ce najasa in an wanke ta da ruwa har launinta da ƙanshinta da ɗanɗanonta suka gushe, kayan sun tsarkaka, don haka in na tabbatar da wanki da rarrabewa ban cuci mai ci ba, kuma in ci gaba da neman wani aiki a hankali. Ɗayan ya ce wanki ba shi ne asalin zancen ba, muddin ina karɓar kuɗin alade da hannuna ina rubuta shi a littafi, albashina ya gauraya. Ya kuma karanto min hadisin da ya ce wanda ya yaudare mu ba ya cikinmu. Na fito daga wurinsu gaba kura baya siyaki.

Akwai hanyar da nake tunani, ita nake so ka auna min. In koma wurin mai wurin in ce zan karɓi reshen Madina bisa sharaɗi a rubuce: kayan aikin alade daban, teburinsa daban, kaza mai tambari kaɗai, sannan a manna sanarwa a kanta cewa ana sarrafa naman alade a wannan kicin, kowa ya shiga da saninsa. In ya yarda, shin ya halatta in zauna ina shugabantar wurin da ake sayar da abin da ni ba zan ci ba? In ya ƙi, shin in ci gaba da zama a Osu a matsayina na yanzu har Allah ya kawo wani aiki, ko zaman ma bai halatta ba?

Sannan mutanen Zango da suke zuwa yau da gobe, me ya wajaba a kaina game da su? In na faɗa wa kowa abin da ke faruwa a kicin, kafin Magariba labarin ya zaga Nima da Mamobi da Sabon Zango, ya shiga WhatsApp, ciniki ya faɗi. Za a san daga bakina ya fito, za a kore ni, kuma akwai yara kusan duk masu ƙaramin ƙarfi da suke aiki a ƙarƙashina, wasu ni na kawo su, su ma abin zai taɓa su. Mutanen da suka amince min da makullin shagonsu kuma za su ce na ci amanarsu. In na yi shiru, amanar Hajiyar da ta kama hannuna fa? Wace ce a gaba cikin biyun? Ko akwai yadda zan faɗa wa mai tambaya gaskiya, shi kaɗai, ba tare da na tona asirin wurin aikina a bainar jama'a ba?

Abu na ƙarshe shi ne mahaifina. In shawararka ta zo daidai da tasa, zan bi, Allah ya ba ni ƙarfin zuciya. In kuma ta saɓa, ina roƙon ka koya min yadda zan tunkare shi da ita ba tare da ya ji na raina maganarsa ba, don ban taɓa yin abin da ya hana ba tun ina yaro. Mai wurin ya ba ni zuwa ƙarshen wata in kawo amsa, saboda haka in da hali a karanta wasiƙata a shirin mako mai zuwa.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da basira, ya saka da alheri.

Wassalamu alaikum.

Ɗanka,
daga Nima, Akra