Godiya ga Gidan Tarihin Jiragen Sama na Sola, Norway

Zuwa ga shugabanni da ma'aikata da 'yan sa-kai na Flyhistorisk Museum Sola,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ni baƙo ne a garinku. Aikin mai ya kawo ni Stavanger daga Kano, sana'ata kuwa duba bututu da ƙarafa, wato kullum ina faɗa da tsatsa. Wata Lahadi na ɗauki ɗana muka zo gidanku don kawai ya sha iska, sai ga shi ni ne na kasa fita. Abin da ya riƙe ni shi ne jirgin nan Heinkel He 115 da kuka ciro daga gindin ruwan Hafrsfjord, wani mashigin teku da ke kusa da Stavanger.

Saboda 'yan uwana na gida da za su karanta wannan, bari in ɗan yi bayani. Jirgin yaƙin Jamus ne na lokacin da kakana yake kira yaƙin Hitila. Ba shi da tayoyi, a kan ruwa yake tashi ya sauka bisa wasu ƙafafu biyu masu kama da kwalekwale. Injinsa biyu ne ƙirar BMW, mutum uku ke tafiyar da shi. Da irinsa aka riƙa dasa nakiya a teku ana kai wa jiragen ruwa masu kai kaya Rasha hari. Jamus ta mamaye Norway a Afrilun 1940, wannan jirgin kuma ya yi hatsari wajen sauka a ƙarshen Disamban 1942, mutanen cikinsa suka tsira, shi ya nutse. Yana can ƙasa, zurfin kamar mita 60, har aka gano shi a 2005 lokacin da ake auna gindin ruwan. Ranar 2 ga Yunin 2012 kuka fito da shi, bayan shekara kusan 70.

Ciro shi aiki ne babba, amma gaskiya ba shi ya fi burge ni ba. Duk mai kuɗi da injin ɗaga kaya da masu nutso zai iya ɗago abu daga ruwa. Abin da ya biyo baya shi ne inda ake gane gwani. Gindin ruwan nan ba shi da iska sosai, shi ya sa jikin jirgin bai ruɓe ba, har fentinsa da lambobinsa suka fito ana karantawa. To amma gishirin teku ya riga ya shige kowace kafa da kowace ƙusa. Da kun shanya shi a fili don 'yan kallo da masu hoto, da gishirin nan ya haɗu da iska ya cinye alminiyom ɗin, ya mai da shi farin gari. Na ga haka da idona a wurin aiki, ƙarfe ya yi kyau daga waje, ka sa ɗan yatsa ya burma. Ku kuwa sai kuka sake nutsar da shi cikin ƙaton tanki na ruwan daɗi, kuka bar shi ya jiƙu gishirin ya fita a hankali, sannan kuka bi shi gaɓa-gaɓa kuna wankewa. Haƙurin nan ne na zo in yi wa godiya.

Akwai wani dattijo ɗan sa-kai da ya ga na tsaya ina leƙen layin ƙusoshin jikin jirgin. Bai gaji da tambayoyina ba, ga Turancina ga nasa, muka yi ta lallaɓawa. Shi ya nuna mini cewa rumfar da gidan tarihin yake ciki ma Jamusawa ne suka gina ta a lokacin yaƙin, don irin waɗannan jirage na ruwa. Ashe dai gida jirgin ya dawo. Ɗana ya tambaye shi me ya sa suke wahala a kan jirgin abokan gaba. Dattijon bai yabi jirgin ba, bai kuma zage shi ba, ya dai faɗa wa yaron ɓarnar da irinsa ya yi, ya ƙara da cewa sojan Norway ma sun sayi guda shida kafin mamayar. Yaron ya yi shiru yana juya maganar har muka shiga mota.

Allah ya ƙara muku ƙarfin gwiwa, ya saka wa masu ba da lokacinsu kyauta da alheri. In Allah ya yarda za mu dawo lokacin hutun makaranta, domin yaron ya ce sai ya ga inda aikin ya kai.

Naku,
Wani Bakano mazaunin Stavanger