Barka da Sallah daga Kolambus, da maganar Abba

Kolambus, jihar Ohayo, Amurka
Ranar Ƙaramar Sallah, 30 ga Maris, 2025

Zuwa ga Hajiya, da Yaya, da dukan mutanen gida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi muku barka da shan ruwa, barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya jiƙan Malam da rahama, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Yaya, don Allah ka karanta wa Hajiya wannan a natse, bayan 'yan yawon Sallah sun ragu, don maganar tana da ɗan tsawo.

Mu ma yau muka sauko Idi. Sanyi bai gama sakinmu ba, sai da na sa rigar sanyi a ƙarƙashin babbar riga. Sahu ya cika da Somaliyawa, waɗanda suke da yawa ƙwarai a garin nan, ga 'yan Senegal da Gini da Gana, ga mu 'yan tsiraru masu jin Hausa muna neman juna da ido bayan sallama. Uwargida ta yi waina da miyar taushe, maƙwabta sun shigo an ci tare. Goron Sallar yara yana hannun Yaya, a raba har da na gidan Gwaggo.

Hajiya, daren jiya mijinki Abba ya iso daga makaranta, kuma saboda shi na zauna rubutun nan. Kin tambaye ni a waya me ya sa kullum hotonsa ake gani da hular kwano amma ba a taɓa turo bidiyonsa yana wasa ba. Yaran gida kuma, na ji, sun cika unguwa da labarin ɗan'uwansu ya zama tauraro a Amurka, har wasu sun fara yi masa saƙon waya da takalmi ta WhatsApp. Shi ba zai iya buɗe baki ya faɗa muku ba, kunya ba za ta bar shi ba. To bari ni in faɗa.

Ƙwallon da yake yi a jami'a ba irin tamu ba ce, ƙwallon Amurkawa ce. Doguwa ce mai tsini biyu, da hannu ake jifarta, ana kuma kayar da mai ɗauke da ita. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Akwai mai jifa guda ɗaya, shi ne zuciyar wasan, sannan akwai masu sheƙawa a guje gefe-gefe su cafe abin da ya jefa. Aikin Abba ke nan, cafka. Matsalar ita ce, a mafi yawan lokaci masu cafka uku kacal ake sa wa a fili, alhali a ƙungiyarsu sun haura goma, kuma babu wanda ya zo wurin da wasa. Kowanensu shi ne zakaran makarantar sakandarensu, shi garinsu ke fitowa kallo daren Juma'a. Aka kwaso su aka zuba a ɗaki ɗaya, ƙarƙashin koci ɗaya. Wasannin kaka guda 12 ne, yawanci ranar Asabar, ƙwallo kuma ɗaya ce. Zaman nasu irin na kishiyoyi ne, gida ɗaya, tukunya ɗaya, kowace na sauraron ranar girkinta, sai dai a nan ba a raba kwana daidai.

Akwai takardar da koci ke jera sunaye, sahun farko, na biyu, na uku. Abba tsakanin na biyu da na uku yake kai da komo. Shekararsa ta farko ajiye shi suka yi, wanda doka ta yarda da shi: ɗan wasa na da shekara biyar da zai buga huɗu a ciki, kuma tun 2018 ana iya sa shi a wasa har huɗu ba tare da an lissafa masa shekarar ba. Kakar da ta wuce ya shiga fili, amma galibi a rukunin da ke rugawa su tare abokan hamayya idan an buga ƙwallo da ƙafa. Aiki ne na karo da ƙuguwa, babu mai tafa maka, kyamara ma ba ta binka. Abin da ya sa babu bidiyo ke nan.

Yanzu suna cikin atisayen bazara. Hukumar wasannin jami'o'i ta ƙayyade shi sau 15 kawai, kuma a cikinsa ake sake jera sunaye kafin kakar da za ta fara ƙarshen Agusta. Duk abin da ka yi ana ɗaukarsa a bidiyo. Idan ƙwallo ta suɓuce maka da safe, da yamma za a haska ta a bango gaban 'yan'uwanka, a mayar baya, a sake, a mayar baya. Ba gudu kaɗai ake dubawa ba. Ana duba ko ka yi kwana a yadi 12 da aka ce ko ka karya a 11, don mai jifa yana sakin ƙwallo tun kafin ka juyo, inda ya kamata ka kasance yake jefawa. Ana duba ko ka tare wa ɗan'uwanka hanya idan ba kai za a jefa wa ba. Wanda ya ƙi wannan aikin, ko ya fi kowa gudu, benci zai ɗumama.

Bana atisayen ya faɗo tsakiyar azumi, kuma bai sha ko ɗaya ba. Yana tashi sahur shi kaɗai cikin duhu, ya yi asuba, ya wuce ɗakin ɗaga ƙarfe, ya shiga fili, ya tafi aji, ba ya ganin ruwa sai wajen ƙarfe takwas saura na dare. Masu kula da lafiyarsu sun tsara masa abin da zai ci da sahur da buɗa-baki, na yaba musu. Na sha ba shi labarin Husain Abdullah, wanda ya yi azumi cikin atisayen ƙwararru da zafin bazara, kuma a 2012 shi da yayansa Hamza suka ajiye wasan shekara guda suka tafi aikin Hajji. Amma labari daban, ƙishirwa daban. Da ya miƙo mini hannu jiya sai na ga yatsunsa biyu na dama a naɗe tare da filasta, gaɓar ta kumbura ta yi baƙi. Akwai wata na'ura mai tayoyi biyu da ke harbo ƙwallo da ƙarfi, yakan tsaya gabanta bayan kowa ya watse yana cafewa. A nan ya samu ciwon. Ya rame, Hajiya, wuyan rigar Sallarsa har yana yi masa yawa. Ban ce masa komai ba, kin san ba a yabon ɗan fari a gabansa, amma na daɗe ban ji abin da na ji a ƙirjina ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yaron da suke ɗaki ɗaya. Gurbi ɗaya suke nema, idan wannan ya hau wancan ya sauka. Kirista ne, amma shi ke ɗauko wa Abba abinci daga ɗakin cin abinci ya ajiye masa kafin a rufe, kuma tare suke bitar dabarun wasa da dare, wannan na yi wa wancan tambaya. Da safe su fita fili kowa na neman ya fi ɗan'uwansa. Na ce lallai a kawo mini shi gida in gan shi.

To ga inda gizo ke saƙar. A watan Janairu ƙungiyar ta ɗauko wani mai cafka daga wata jami'a, ya girme su, ya riga ya yi suna, kai tsaye aka sa shi sahun farko. Gurbi uku ya koma biyu. Haka abin ya zama yanzu. Tun 2018 aka buɗe wata rajista ta sauya sheƙa, ɗan wasa ya sa sunansa, kociyoyin ƙasar duka su gani. Tun Yulin 2021 kuma aka halatta wa ɗalibai karɓar kuɗi da sunansu da hotonsu, sai abin ya zama kasuwa. Manyan kuɗin na 'yan ƙalilan ne da ke sama. Irin su Abba abin da suke da shi tallafin karatu ne, wato kuɗin makaranta da ɗaki da abinci, kuma a kakar 2024 mutum 85 kawai aka yarda manyan jami'o'i su ba wa a ƙungiya. A tsakiyar Afrilun bana, 2025, za a sake buɗe rajistar na 'yan kwanaki, kuma jiya bayan isha ya ce mini yana tunanin sa sunansa.

Ban yi masa faɗa ba, don a garin nan na ga duka biyun da idona. Jami'ar Jihar Ohayo tana nan Kolambus, filinta na ɗaukar mutum fiye da 100,000, ranar wasa gari kan koma ja. A 2020 masu cafkarta sun haɗa da Chris Olave da Garrett Wilson da Jaxon Smith-Njigba da Jameson Williams. Shi Williams a shekara biyu sau 15 kacal ya cafe ƙwallo. Ya ga ba wuri, ya tattara ya koma jami'ar Alabama, a kaka ɗaya ya cafe 79, yadi 1,572. Da ƙungiyoyin ƙwararru na NFL suka zo zaɓe a 2022, Wilson aka ɗauka na 10, Olave na 11, Williams na 12, a jere. Wannan labarin Abba ya haddace shi, shi ya fara kawo mini.

Ni kuma na tuna masa da Marvin Harrison ƙarami. A 2021 yana bayan waɗancan manyan, kaka ta kusa ƙarewa sau biyar kawai ya cafe. Ranar 1 ga Janairun 2022, a wasan Rose Bowl da jami'ar Yuta, Olave da Wilson suka janye don shirin tafiya NFL, aka ce masa shiga. Sau uku ya ci a ranar. A 2024 shi aka ɗauka na 4 a ƙasar baki ɗaya. Ga kuma Emeka Egbuka, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Da dawo da bugun ƙafa ya fara, kusan irin aikin da Abba ke yi yanzu, kuma kusan duk zamansa akwai wani da ake ambata kafin shi. Bai tafi ba. A Janairun nan da ya wuce suka ɗauki kofin ƙasa a kan jami'ar Notre Dame da 34 da 23, kuma ya bar makarantar babu wanda ya kai shi yawan cafka a tarihinta.

Amma gaskiyar da na fi nanata masa ita ce, waɗannan duka zaɓaɓɓu ne cikin zaɓaɓɓu. Cikin 'yan wasan jami'a 100, waɗanda ke kaiwa NFL ba su cika biyu ba. Williams da ya fita, Alabama ce ke jiransa. Yara da yawa suna sa suna a rajistar su wayi gari babu mai kira, kuma da zarar ka sa suna makarantarka na da ikon janye tallafinta a ƙarshen zangon karatu. Wanda ya samu wuri ma, wani lokaci sabuwar jami'ar ba ta karɓar duk darussan da ya riga ya ci, digiri ya ja baya. Kuma can ɗin ma zai tarar da wasu goma da suka riga shi.

Ra'ayina ya zauna. Ya fi rabin karatunsa, kocinsa ya san shi, ya ga abin da ya yi cikin azumi. Ƙafa tana iya karyewa ranar Asabar ɗaya, Williams ɗin kansa jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasan ƙarshe na kakar da ya yi suna. Takardar digiri ita na ƙetaro teku dominta, ko da ba a hannuna za ta sauka ba. Sai dai na ce masa ba zan tilasta shi ba, jikinsa ne ke shan karon. Ya yi istihara, ya je ya zauna da kocinsa ya tambaye shi ƙeƙe-da-ƙeƙe inda yake a jeri da abin da ya rage masa, sannan mu sake magana bayan wasan rufe atisaye.

Hajiya, abin da nake roƙo addu'arki ce, ki sa shi a cikin ta asuba, Allah ya zaɓa masa mafi alheri ya tsare masa gaɓoɓinsa. Idan ya kira ki anjima, kada ki tambaye shi ƙwallo nawa ya ci, ki tambaye shi karatu da yatsansa. Yaya, kai kuma ka ja kunnen yara su sassauta masa da saƙonni. Ba shi da abin da suke zato, kuma duk wanda ya kasa amsawa yana kwana da shi a rai. Mai bukata ya zo ta wajena.

A gaishe da Gwaggo da Kawu da iyalansu, da liman, da maƙwabta gaba da baya. Uwargida da ƙannen Abba suna gaishe ku. Idan an samu mai tahowa bayan Sallah a aiko mana da kuka da kuɓewa busasshiya da yajin Hajiya, amma ban da kilishi, ba a barin nama ya shigo, a filin jirgi ake karɓewa.

Wassalam,
Ɗanki na Kolambus