Wasiƙar godiya ga ma'aikatan Brooklin Models

Zuwa ga masu zubi, masu fenti da masu harhaɗawa na Brooklin Models, Bath, Ingila.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne mu yi muku godiya a bainar jama'a kan aikin ƙera ƙananan samfuran motoci da kuke yi tun 1974, lokacin da John Hall ya fara shi a garin Brooklin na ƙasar Kanada, kafin a dawo da shi Bath a 1979. Kamfanonin motar da suka mutu ba su da mai yi musu talla, amma ku da su kuka fara.

Ta farko a jerinku ita ce Pierce-Arrow Silver Arrow ta 1933. Kamfanin nan na birnin Buffalo ya yi kejin tsuntsaye da kekuna kafin ya fitar da mota a 1901, ya rufe a 1938. Silver Arrow guda 5 kacal ya ƙera, da inji mai silinda 12, kowace a kan dala 10,000. Mutum nawa za su taɓa ganin ta gaske? Haka Tucker ta 1948, wadda aka yi guda 51 a Chicago, mai inji a baya da fitila ta uku a tsakiyar goshi da ke juyawa tare da sitiyari. Tsawonta ya haura mita biyar da rabi, a ma'auninku na 1:43 kuwa, wato kashi ɗaya cikin 43 na girman ta gaske, ta dawo kusan santimita 13, ta zauna a tafin hannu da nauyinta, har sai mutum ya ji ya riƙe ƙarfe. Ga kuma motocin Packard, ga na Studebaker da ta faro da keken doki a 1852, ta yi motar ƙarshe a 1966.

Abin da ya fi burge mu shi ne hanyar da kuka zaɓa. Mazubin ƙarfe na manyan masana'antu yana da tsada, ba ya mayar da kuɗinsa sai an zuba dubbai, shi ya sa ba sa waiwayar motar da aka manta. Ku kuwa sai a sassaƙa samfurin da tagulla, bodi daban, bamba daban, kujeru daban. A danna su tsakanin faifan roba biyu, a gasa har robar ta ɗauki siffa. Sannan a juya mazubin da gudu, a zuba narkakken ƙarfe mai haɗin kuza ta tsakiya, juyin ya tura shi kowane lungu. Nan gwaninta take. In ƙarfen ya huce, ba ya cika siraran wurare irin sandunan da ke tsakanin gilasai, sai su fito da giɓi, duk mai zubin tukwane ya san wannan. In ya yi zafi fiye da kima, ya ci robar, jikin motar ya fito da ƙuraje. Roba kuma tana gajiya, ƙarfe ya riƙa tsartuwa ta bakin haɗi, dole a bi da magagari kafin fenti. Duk da wannan wahala, layin ƙofa a motocinku yana fita sarai, fenti bai cike shi ba.

Ga masu saye, ƙarfen nan yana da taushi. A ɗauki motar ta ƙasanta da yatsu biyu, kada a kama rufi ko bamba, domin suna lanƙwasa. A nisanta ta da rana saboda fenti, a share ƙura da buroshi mai laushi, ba da tsumma ba, don tsumma na fizge madubi da ƙananan alamomi. In za a ajiye ta daɗe, a mayar da ita kwalinta.

Mun gode ƙwarai. Allah ya ƙara wa hannuwanku albarka.

Naku,
Wasu masu tara ƙananan motoci