Idan tuta da usur suka saɓa

Aminina,

Gaisuwa mai yawa daga nan Tawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Saƙonka ya iso. Na ji yadda kuka rabu baram-baram da mataimakinka mai tuta bayan wasan ƙwallon ƙafa da ka yi alƙalancinsa ranar Lahadi: shi ya ɗaga tuta kan satar gida, kai ka bar wasa ya ci gaba har ƙwallo ta shiga raga. Abin ya tsaya mini a rai, don irin wannan ke sa ƴan kallo su raina ku duka uku, kai da mataimakanka biyu.

Doka ta 5 ta dokokin ƙwallon ƙafa a fili take, hukuncin alƙalin tsakiya shi ne na ƙarshe. Amma ta bar maka ƙofar gyara. Kana iya janye hukunci in ka gane kuskure, ko mataimaki ya ankarar da kai, muddin ba a koma wasa ba, kuma ba ka hura tashi ka bar fili ba. Da zarar an take ƙwallo daga tsakiya, bakin alƙalami ya bushe. Saboda haka kafin ka nuna tsakiya, dubi mai tuta. In ci ne mai kyau, zai ruga mita 25 zuwa 30 a bakin layi ya nufi tsakiya, tutarsa a ƙasa. In ka gan shi tsaye cak yana kallonka, da magana.

To sai ka je wurinsa, shi ma yana iya shigowa mita 2 ko 3. Kori ƴan wasa nesa, ku tsaya kafaɗa da kafaɗa kuna fuskantar fili, don kada a ji ku, kuma kada wani ya mari wani a bayanku. Kada ka ce masa "ya kake gani?" Tambaye shi abin da idonsa ya gani: lamba nawa, a ina yake lokacin da aka buga, wa ya taɓa ƙwallo daga ƙarshe.

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce tushen yawancin rigimar satar gida. Mai tuta yana daidai da ɗan baya na biyun ƙarshe, ya fi ka ganin layi nesa ba kusa ba. Kai kuma ka fi shi ganin ƙafar da ta buga. In ɗan baya ne ya buga da gangan ta faɗa wa ɗan gaba, babu satar gida, sai fa in tare ƙwallon da za ta shiga raga ya yi. In kuwa gogarsa kawai ta yi ta wuce, tutar tana kan gaskiya. Sau da yawa kowannenku daidai ya gani, rabin abin ne kawai a hannunsa.

In ka tabbata ba ka bin tuta, yi masa alama da hannu ya sauke. Shi kuma ya sauke nan take, ba girgiza kai, ba buga tuta a cinya. In ba ka gan ta ba sam, ya riƙe ta sama har ka waiwayo, ko ƙwallo ta koma hannun masu tsaron baya sosai.

Yawancin wannan a ɗakin canza kaya ake kashe shi tun kafin a fita. Ku yanke cewa jifar da ke kusa da shi tasa ce, ta nesa taka, in yana shakka ya ɗaga tuta sama ya bi hannunka. Laifin cikin mita 16, wato da'irar bugun fanareti, kada ya ɗaga sai wanda ya ɓace maka, sannan ya taka ya nufi tutar kusurwa. Naushin bayan ido kuwa ya dage da tuta, don in ya yi ƙoƙarin sanar da kai kafin a koma wasa, jan kati yana nan ko da an riga an ci gaba.

Don Allah kada bakinka ya taɓa ce wa koci "ba ni ba ne, mai tuta ne". Ku bari sai hutun rabin lokaci, ƙofa a rufe. Doka ta 6 ta ba ka ikon sallamar mataimakin da ke katsalandan ka rubuta rahoto, amma mutuminka bai kai nan ba. Kira shi kafin wasa na gaba, ku sha shayi, ka fara da tambayarsa wa ya gani ya taɓa ƙwallon.

A gaida mutanen gida da yara.

Naka,
amininka na Tawa