Wasiƙa daga Chennai: ɗan biri da ɗan kyanwa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da su Baba da Inna da amarya. Ni ma lafiya lau nake, sai zafin garin nan mai tafe da gumi dare da rana.

Ka tambaye ni dalilin da ya sa a fina-finan Indiya ake yawan ganin mutum ya zube a ƙafafun abin bautarsa yana kuka. Na ƙi amsa maka da ka, sai da na zauna da wani abokin karatuna, ɗan Srirangam, garin da ke kan tsibiri a kogin Kaveri, inda babban ɗakin bautar Vishnu yake, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautar mabiya addinin Hindu. Ka san aƙidata tana nan daram, amma abin da na ji ya tsaya mini a rai.

Masu bautar Vishnu kan kira abin sharanagati ko prapatti, wato miƙa wuya. Mutum ya yarda cewa iliminsa da ibadarsa da ƙoƙarinsa ba za su kuɓutar da shi ba, sai ya ɗauki kansa kacokan ya ajiye a ƙafafun ubangijinsa. Madogararsu tana cikin littafin addininsu Bhagavad Gita, babi na 18, baiti na 66, inda Krishna, wanda suke ɗauka Vishnu ne cikin siffar mutum, ya ce wa jarumi Arjuna ya saki duk wata hanya ya fake da shi kaɗai, zai yafe masa zunubansa, kada ya yi baƙin ciki. Malaminsu Ramanuja, wanda al'adarsu ta ce ya rayu daga 1017 zuwa 1137, a Srirangam ya zauna ya karantar da wannan.

Na tambaye shi, me ya sa ƙafa? Ya ce ƙafa ce take taka ƙura, ita ce mafi kusa da wanda ya faɗi ƙasa. Wanda ba shi da ilimi ko asali ko ƙarfin ɗaga kai, hannunsa zai iya kaiwa gare ta. A ƙasar da aka daɗe ana raba mutane gida-gida tun daga haihuwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ya ba ni labarin Tiruppan, ɗaya daga cikin mawaƙan ibada 12 da ake kira Alvar, wanda ya fito daga gidan da ake ƙyama, amma aka ce wani mai hidimar ɗakin bautar ne ya saɓo shi a kafaɗa ya shigar da shi. Waƙar Tiruppan daga ƙafar Vishnu ta fara yabo, tana hawa har fuska. Har yau akwai wani kambi na ƙarfe, shatari, mai siffar sawu biyu a samansa, da ake ɗora wa kowane mai ziyara a ka. Farin zanen da ke goshinsu ma alamar ƙafafun nan ne.

Inda hirar ta fi kama ni shi ne saɓanin da ya raba mabiyan Ramanuja bayan rasuwarsa. 'Yan ɓangaren arewa, Vadakalai, masu bin Vedanta Desika, suka ce bawa kamar ɗan biri yake: uwar ce ke ɗauke da shi tana tsalle daga reshe zuwa reshe, amma dole shi ma ya ƙanƙame ta, in ya saki ya faɗo. 'Yan kudu, Tenkalai, masu bin Pillai Lokacharya, suka ce a'a, ɗan kyanwa ne: uwar ke kama shi a wuya ta kai shi inda ta so, shi dai ya saki jiki kawai. A wajensu, da zarar ka ce "ai na riƙe da kyau", ka fara dogaro da riƙonka ke nan, miƙa wuyan ya gurɓata.

Nan take na tuna hadisin da muka karanta a makarantar dare, na mutumin da aka ce wa ya ɗaure raƙumarsa sannan ya yi tawakkali. Shi ya sa hankalina ya fi kwanciya da maganar ɗan biri, domin na ga yadda "an riga an rubuta" ke zama mafakar malalaci. Amma wallahi ban iya watsar da ta ɗan kyanwa ba. Sun gano wata cuta ta gaske, wato mai ibada ya riƙa ƙirga ayyukansa kamar yana bin Mahalicci bashi. Kuma akwai ranar da mutum ba shi da sauran ƙarfin riƙo, kamar majinyatan da nake gani a asibitin da muke koyon aiki. Abokin nawa ɗan Tenkalai ne, ya ce irin waɗannan aka yi wa koyarwar tasu.

Ka karanta wa Malam wannan in ka je gaishe shi, ina son jin abin da zai ce kan iyakar ƙoƙarin bawa. Ka kuma faɗa mini yadda damina ta kasance, da ko an sa ranar bikin ƙanwarka, don in san lokacin da zan nemi hutu.

Ka gaishe mini da kowa da kowa.

Naka har kullum,
amininka na Chennai