Wasiƙa kan huhun aro na ɗakin tiyata

Aminina Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya tare da iyali. Ka tambaye ni abin da nake koyo a sashen tiyatar zuciya, to abin da ya fi ɗauke mini hankali shi ne wata na'ura da girmanta bai wuce babban gwangwanin madara ba, wadda take karɓar aikin huhu idan likita ya tsayar da zuciya domin gyara.

A 1953 ne wani likita mai suna John Gibbon ya fara yin nasara da irinta a Filadelfiya ta Amurka, yana malala jini a kan ragar ƙarfe iska tana taɓa shi. A 1955 wasu likitoci biyu, DeWall da Lillehei, suka fito da na'ura mai hura kumfar oksijin cikin jini, wadda ta fi arha, sai dai haɗuwar jini da iska kai tsaye tana lalata ƙwayoyinsa, kuma kumfar da ta kuɓuce zuwa ƙwaƙwalwa tana iya shanye jikin mutum.

Wadda muke aiki da ita yanzu dubban siraran bututun roba ne, oksijin yana bi ta cikinsu, jini yana gudana ta wajensu, iska tana ratsa bangonsu ta hudojin da ido ba ya gani. Faɗin wurin da iska ke ratsawa zuwa jini a huhun baligi ya kai wajen murabba'in mita 70, na na'urar kuwa kusan 2 ne kawai, amma dole ta wadatar da lita 4 zuwa 5 na jini da oksijin kowane minti. Da farko na ɗauka wahalar shigar oksijin cikin jini tana ga bangon bututun, ashe tana ga jinin ne, domin wanda ke manne da bango yakan ƙoshi da oksijin ya tare wa na bayansa hanya. Saboda haka ake saƙa bututun ta yadda jini zai riƙa karo da su yana gaurayuwa, kuma a ganina gwanintar injiniya duk a nan take, tunda gaurayawar idan ta yi yawa sai jajayen ƙwayoyi su farfashe.

Kabon dayoksaid, wato gurɓatacciyar iskar da huhu ke fitarwa daga jini, bai cika wahalar fita ba. Ƙara gudun iskar da ke share bututun ya isa. Ranar da na fara ganin jini ya shiga da duhunsa ya fito ja wur, sai da na yi tasbihi a zuciyata.

Ka gaishe mini da Baba, ka roƙa mini addu'arsa.

Naka har kullum,
Bashir